Lambar da na ƙwace a wani asibiti a Gwanzu

A unguwarmu ta cikin birnin Kano, lokacin da nake yaro, famfo ɗaya ne yake kawo ruwa, shi ma sai dare ya raba, saboda haka jarka ce take bin layi a madadin mai ita. Tun da magariba kowane gida zai kai jarkarsa ko bokitinsa ya ajiye a bayan na wanda ya riga shi, kuma kowa ya san kayan kowa. Wata rana, ina ɗan shekara goma ko sha ɗaya, sanyi ya dame ni, sai na ɗauki jarkarmu na tsallake da ita gaban bokitin wata tsohuwa da mijinta ya rasu, na cika na koma gida ina ganin na yi dabara. Da labari ya kai kunnen mahaifina bai dake ni ba. Ya sa na ɗauki ruwan na kai har ɗakin tsohuwar na juye mata a randa, sannan na koma ƙarshen layi da jarka babu komai, kuma ya gaya mini cewa wurin da mutum ya hana idonsa barci ya kama, dukiyarsa ce daidai da kuɗin da ke aljihunsa. Na girma ina ɗaukar kaina mutumin da ya riƙe wannan magana.

Bayan na gama sakandare na shiga Kantin Kwari a matsayin yaron shago, na yi shekara tara ina ɗaukar dila, ina auna yadi, ina koyon bambanta shadda mai kyau da wadda za ta koɗe a wanki biyu. A 2014 maigidana ya yanke shawarar tura ni Gwanzu, babban birnin lardin Gwandon da ke kudancin ƙasar Sin, domin in riƙa duba masa kaya a masana'anta kafin a zuba a kwantena. Na sauka a Shiyawbei, unguwar da 'yan Afirka suka fi yawa, inda mutum zai ji Hausa da Ibo da Bambara a titi ɗaya, kuma akwai shagunan taliya na Musulmin Sin da ake cin halal. Abinci da zafin gari da harshe duk na jure su. Abin da ya fi ci mini rai a watannin farko shi ne layi.

Karon farko a wani banki ne da ba a ba da lamba. Mace ce a gabana, kuma kamar yadda aka rene mu, na bar tazara tsakanina da ita, domin a wurinmu abin kunya ne namiji ya matse wa matar da ba muharramarsa ba. Kafin in ankara wani mutum ya shiga wannan tazarar, wata mata ta biyo shi, sannan wani dattijo ya zo ta gefe ya miƙa takardunsa ta taga ba tare da ya kalli kowa ba. Na koma masauki zuciyata tana tafasa, na tabbata launin fatata ne ya sa aka raina ni. Sai daga baya na lura cewa haka suke yi wa junansu, kuma a idon yawancinsu wanda ya bar gurbi a gabansa bai shiga layi ba tukuna, yana tsaye ne yana tunani. A tashar mota, a wurin awon kayan marmari, a ƙofar lif ta ginin Tiyanshiwu inda 'yan kasuwarmu suke hada-hada, ƙa'idar ɗaya ce: ƙirjinka ya kusa taɓa bayan na gabanka, gwiwar hannunka ta tsare gefe, kuɗinka ko takardarka su kasance a hannu a miƙe. Ban ɓoye ra'ayina ba a lokacin. A majalisarmu ta bayan sallar Isha na sha cewa mutanen nan sun gina jirgin ƙasa mai gudun iska amma sun kasa koyon tsayuwa a bayan juna.

Wadda ta fara gyara mini wannan hukunci wata matashiya ce da take yi mana tafinta a kamfanin da ke loda mana kaya. Ita ce ta koya mini cewa bin layi a harshensu paidui ake cewa, ratse kuma chadui, kuma idan suna so su zagi mai ratse sai su ce ba shi da suzhi, wato ba shi da tarbiyya. Ita kanta abin yana ƙona mata rai, na sha ganin ta ɗaga murya a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta mayar da babban mutum baya. Amma ranar da na kwatanta mutanenta da dabbobi a gabanta, sai ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ba ni labarin kakarta. Daga 1955 har zuwa 1993 da takardar rabo ake sayen hatsi a biranen Sin, kuma kakarta ta rayu cikin yunwar 1959 zuwa 1961 wadda ta kashe miliyoyin mutane. A zamanin, in ji ta, ana iya raba nama ko kabeji ya ƙare a kan mutum na ashirin alhali mutum ɗari ne a tsaye, don haka uwar da ta yi kara ta tsaya a baya, 'ya'yanta ne za su kwana da yunwa. Kakar tana da firji cike da abinci yanzu, amma har gobe idan ta ga ƙofar mota ta buɗe sai jikinta ya riga tunaninta rugawa. Ta kuma gaya mini cewa gwamnati da kanta ta san da matsalar, shi ya sa a farkon 2007, ana shirin wasannin Olamfik na 2008, hukumomin Beijin suka mayar da ranar 11 ga kowane wata ranar bin layi, saboda lamba 11 ta yi kama da mutum biyu a tsaye ɗaya bayan ɗaya.

A watan Fabrairun 2016 na ga da idona irin abin da take nufi. Lokacin tafiye-tafiyen sabuwar shekararsu ne, wanda yake ɗaukar kwana 40, kuma ƙanƙara ta tsayar da jirage a arewa, sai dubun-dubatar ma'aikata suka maƙale a filin babbar tashar jirgin ƙasa ta Gwanzu, kusa da kasuwannin da muke sari. Mutane ne da buhuna da bokitin fenti da suka mayar kujera, waɗanda sau ɗaya tak a shekara suke ganin 'ya'yan da suka bari a ƙauye. Tsofaffin mazauna garin sun ce abin bai kai na 2008 ba, lokacin da adadin ya kai dubban ɗaruruwa. A irin wannan cunkoso babu layi, sai dai igiyar ruwa ta mutane, kuma wanda ya tsaya cak zai iya faɗuwa a tattake shi. Adalci ne kuma in faɗi cewa a shekarun da na yi a can na ga abin yana sauyawa: a tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa an zana kibiyoyi a ƙasa kuma galibin matasa suna bin su, bankuna sun koma ba da lamba, tikitin jirgin ƙasa tun 2012 sai da sunan mutum da katin shaidarsa, kuma sau da yawa na ga ɗalibi ya tashi ya ba tsoho kujera.

Sai dai yayin da su suke gyaruwa a hankali, ni lalacewa nake yi. Hausawa suna cewa in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemi ka ɗaura, kuma na ɗaura tawa ba tare da na taɓa zama na yanke shawara ba. Ina da tsayi da faɗin kafaɗa, na fi yawancinsu girman jiki, kuma na gano cewa idan na sa kafaɗa babu mai iya ture ni. Na kuma gano wani makami da su ba su da shi: idan wani ya yi mini magana sai in ce ting bu dong, wato ba na jin abin da kake faɗa, alhali a lokacin ina jin Sinanci daidai gwargwado. Kowace Juma'a ina zuwa masallacin da ke kusa da kabarin da ake dangantawa da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, in tsaya a sahu ɗaya da Sinawa da Larabawa da 'yan Mali, kafaɗa da kafaɗa babu mai wuce wani, amma da an sallame sai in fito in ture mutane a ƙofar mota, kuma zuciyata ba ta taɓa haɗa waɗannan abubuwa biyu wuri ɗaya ba.

A ƙarshen 2016 na sa aka kawo mini ƙanena domin ya koyi harkar. Shi ne autanmu, shekararsa ashirin da uku, kuma mahaifiyarmu ba ta so tafiyar ba, ni na matsa har ta amince. Bai yi sati uku ba ƙafafunsa suka fara kumbura, fuskarsa ta hau, fitsarinsa ya ragu. Wani ƙaramin asibiti ya yi gwajin jini, likitan ya dubi takardar ya ce ƙoda ce, mu nemi ƙwararre a babban asibiti ba tare da ɓata lokaci ba. A lokacin dala ta haura naira 400 a kasuwar bayan fage, maigidana ya rage oda, abin da ke hannuna bai taka kara ya karya ba, kuma bizar yaron saura kwana tara ta ƙare. Dokar da ta fara aiki a 2013 ta sa tarar yuwan 500, kuɗin Sin, a kan kowace rana da baƙo ya ƙara bayan ƙarewar bizarsa, har zuwa yuwan 10,000, ko kuma a tsare shi. Kowane dare ina kwance ina jin numfashinsa, ina ƙirga kwanaki da yatsa.

A manyan asibitocin Sin ba a ganin likita sai an yanki lamba, abin da suke kira guahao, kuma ƙwararren likita yana da adadin lambobin da ake bayarwa a rana, da sun ƙare sai gobe. Masu wayo suna kama tasu ta waya ko ta injin da ke karanta katin ɗan ƙasa, amma a lokacin injin ba ya karanta fasfo, saboda haka baƙo irina da tsofaffin ƙauye da ba su iya waya ba mu ne muke haɗuwa a taga. Akwai kuma 'yan cuwa-cuwar lamba, waɗanda suke kira huangniu, wato sa mai ruwan ɗorawa, masu kama lambobi su sayar da tsada. A farkon 2016 bidiyon wata mata ya zagaye ƙasar, tana kuka a wani asibiti a Beijin tana cewa lambar yuwan 300 an nemi ta saya a 4,500. Ni ma wani ya raɓo ni ya raɗa mini farashi, na lissafa na ga idan na biya babu kuɗin gwaji, na tuna da karin maganarmu cewa zuwa da wuri ya fi zuwa da wurwuri, kuma ban taɓa jin ɗacinta kamar ranar ba.

Ranar farko na isa ƙarfe shida na tarar lambobi sun ƙare tun kafin in ga taga. Rana ta biyu na isa ƙarfe huɗu, na tarar da ƙananan kujerun roba da goran ruwa da jaridu a jere a ƙasa suna riƙe wa masu su wuri, daidai da jarkokin unguwarmu. Na tsaya a inda ya kamata, amma da aka buɗe ƙofa layin ya rushe, mutum biyar ko shida suka shiga gabana, lamba ta ƙare saura mutum uku a kai gare ni. Da na koma masauki ƙanena ya dube ni da idanun da suka kusa rufewa saboda kumburi ya ce, “Yaya, ko mu koma gida ne kawai?” Na ce masa ya yi haƙuri, gobe in Allah ya so zai ga likita. Na faɗi haka ne da wata niyya a zuciyata wadda ban gaya masa ba.

Rana ta uku na yi sallar Asuba a gefen matakala. A gabana akwai wani tsoho siriri, sanye da tsohuwar rigar sanyi shuɗiya wadda gwiwar hannunta ta sha faci, takalminsa na yadi ne, kuma tafin hannunsa ya faffashe irin na manomi. Matarsa tana zaune a kan kwali ta jingina da bango, ta rungume wata babbar leda mai ɗauke da hotunan asibiti, ƙafafunta a kumbure kamar na ƙanena, har takalmin bai shiga ba sai ta taka bayansa. Da sanyin asuba ya tsananta, tsohon ya buɗe gorar ruwan zafinsa ya zuba mata a murfi, sannan ya juyo ya miƙo mini, na girgiza kai. Daga kwalin da bargon da ke gefensu na san a nan suka kwana.

Ƙarfe bakwai aka ɗaga labulen taga. Layin ya matse, muka matsa gaba, ina jin ma'aikaciyar tana kiran sashe tana cewa saura kaɗan. Lokacin da tsohon ya isa gaban taga sai ya tsaya yana kwance wani ƙyalle da ya ƙulle kuɗinsa da katin matarsa a ciki, yatsunsa suna rawa saboda sanyi. A wannan ɗan lokacin na ɗaga hannuna ta saman kafaɗarsa, na tura fasfo da kuɗi ta ƙarƙashin gilashi, na faɗi sunan sashen ƙoda da Sinanci mai kyau. Ma'aikaciyar ba ta ɗaga kai ba, ta buga ta miƙo mini takarda. Da tsohon ya gama kwance ƙyallensa ya miƙa, sai ta ce masa mei you le, babu, ya ƙare. Wata yarinya mai jakar makaranta a bayanmu ta daka mini tsawa tana cewa paidui, ta ce ba ni da suzhi, ta ce tsohon nan tun jiya yake nan. Na ji kowace kalma, na dube ta na ce ting bu dong. Shi tsohon bai zage ni ba, bai ma ɗaga murya ba. Ya dubi takardar da ke hannuna, ya dubi fuskata, sannan ya sunkuyar da kai ya shiga mayar da kuɗinsa cikin ƙyallen yana ƙullewa a hankali, ya koma wurin matarsa ya tsuguna yana yi mata magana ƙasa-ƙasa.

Ƙanena ya ga likita a ranar. Bayan gwaje-gwaje aka ce ƙodojin biyu sun yi nisa, sai wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, kuma a matsayinsa na baƙo komai daga aljihu za mu biya. An yi masa wanki sau biyu domin ya iya jure tafiya, na sayar da kayan da na tara wa kaina a kan asara, muka taso saura kwana ɗaya bizarsa ta ƙare. A kwanakin da muke zuwa wankin, kowace safiya sai na zaga ta wurin tagar ina duba fuskokin masu layi da waɗanda suke kwance a kan kwali, da kuɗi a aljihuna da kalmar ban haƙuri da na sa tafintarmu ta koya mini yadda ake faɗa wa dattijo. Ban sake ganinsu ba. A Kano muka ci gaba da wanki wata biyar, na sayar da filina, 'yan'uwa da abokan kasuwa suka yi iya ƙoƙarinsu, sannan Allah ya karɓi abinsa a 2017, ana saura kwanaki kaɗan a fara azumi.

Ba na cewa rasuwarsa sakayya ce, domin ajali ba ya jiran laifin kowa, kuma likitoci sun ce ciwon ya daɗe a jikinsa tun kafin ya bar gida. Amma bayan an share makoki, abin da yake tashe ni cikin dare ba fuskar ƙanena kaɗai ba ce, har da yatsun tsohon nan suna ƙulle ƙyalle. Na yi wata da watanni ina kare kaina a zuci: ni ma an yi mini ratse jiya da shekaranjiya, a garin haka ake yi, rai ne a hannuna, biza tana ƙarewa. Duk gaskiya ne, amma shi ma rai ne a hannunsa, kuma shi ba ya cikin waɗanda suka shiga gabana. Da abin ya ishe ni na je wurin wani malami da nake ɗaukar karatu a zaurensa na ce, “Allah gafarta malam, mutumin ba Musulmi ba ne, kuma ba ni da hanyar samunsa.” Ya ce zalunci ba ya tambayar addinin wanda aka yi wa, kuma haƙƙin bawa yana nan har sai mai shi ya yafe. Tun da babu hanyar kai wa gare shi, in yawaita istigfari, in roƙa masa alheri, in kuma nemi masu irin lalurar matarsa in taimaka musu da abin da zan iya.

Ban koma Sin ba tun daga lokacin. Ina da ƙaramin shago yanzu, kuma idan hira ta biyo ta kan Sinawa a kasuwa, wani ya ce ai mutanen nan ba su san layi ba, nakan ce akwai masu ratse a cikinsu da yawa, na gani, akwai kuma yarinyar da ta tsawata mini saboda tsohon da ba ta sani ba, da tsohon da ya kwana a kan kwali ya tsaya a inda ya kamata. A watan Fabrairun 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, na kwana biyu a layin banki, wani da na sani a ciki ya aiko a ce in zagayo ta baya, na dubi matan da ke gabana da goyo na kasa ɗaga ƙafata. Ranar Litinin da Alhamis kuma nakan je sashen wankin ƙoda da sassafe, in kama wa waɗanda suke tahowa daga ƙauye wuri kafin motarsu ta iso, in kuma biya wa wanda ya gaza abin da ya sawwaƙa.

Takardar lambar tana cikin fasfon ƙanena, a akwatin da mahaifiyarmu take ajiye kayansa. Irin takardar inji ce, rubutunta ya goge da kansa, yanzu fara ce fat sai ɗan jan tambari a kusurwa. A azumin bana mahaifiyarmu ta ciro ta tana tambayata ko ta yar, tun da babu abin da ke jiki, sai na zauna a gabanta na ba ta wannan labari daga farko, wanda ban taɓa gaya wa kowa a gidanmu ba. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta tambaye ni ko matar ta kai shekarunta. Na ce za su yi sa'a. Ta mayar da takardar cikin fasfon ta rufe akwatin, ta ce daga yau idan za ta yi wa autanta addu'a za ta riƙa haɗawa da ita.